Wa ya ji ta bakin malam kafin a sallame shi?

A tsakiyar zangon karatu ƙanen wani abokina ya sauka a tashar Tawa da jakarsa, ba hutu ake yi ba, ba a kuma yi masa rasuwa ba. Shekararsa huɗu yana koyar da lissafin kuɗi a wata makarantar ilimi mai zurfi mai zaman kanta a Yamai. Da dare bayan isha'i muna fada, shayi na bisa gawayi, yayansa ya ce masa, "To, gaya mana, me ya faru?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma abin da nake son sani ke nan. Na je ran Litinin na tarar an cire sunana daga jadawali an sa wani. Sakatare ya ce in koma gida za a kira ni. Da na matsa sai ya ce wai ɗalibai ne suka kai ƙarata."

Waɗanne ɗalibai? Ba a faɗa masa ba. Me suka ce ya yi? Ba a rubuta masa ba. Wani dattijo da ke zama da mu, wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Tawa da Ƙonni, ya ce, "Yaro, mai shago in ya ce ka tashi, tashi za ka yi. Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri." Muka ce amin, amma ni na kwana da maganar. Mai yiwuwa yaron ya yi laifi, mai yiwuwa ƙage aka yi masa. Hanyar da aka bi ta hana kowa ganewa, har su masu makarantar, tunda gefe guda kawai suka ji.

Maganar Alhaji, wato dattijon nan, tana da gindi a kasuwa. Mai shago ya fi yaronsa sanin haja. In yaro ya sayar da buhun shinkafa ƙasa da kuɗinsa, maigida na buɗe littafi zai gane. A jami'a abin a juye yake. Wanda ke biyan albashi, minista ne ko mai makaranta, galibi bai san hajar ba. In ɗalibi ya ce malamin sinadarai ya kayar da shi bisa zalunci, babu mai iya duba takardar jarrabawar ya ce an yi daidai ko an cuce shi sai wani masanin sinadarai. In an ce malamin tarihi ya kwashe binciken wani ya sa sunansa, sai wanda ya karanta ayyukan biyu da idon sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Faɗin abin da ba a son ji yana cikin aikin da aka ɗauki malamin jami'a ya yi. Masanin shari'a zai ce wannan doka ta saɓa wa wadda ke bisanta. Masanin ruwa zai ce rijiyoyin unguwa kaza sun gurɓata. Masanin tattalin arziki zai ce alƙaluman da aka bayar ba su haɗu ba. In korarsa tana da sauƙi kamar korar yaron shago, zai kama bakinsa, ya ci gaba da karɓar albashinsa, mutanen unguwa kuma su ci gaba da shan ruwan rijiyar.

A Amurka batun ya taso ne da wani malami mai suna Edward Ross, wanda aka tilasta wa barin Jami'ar Stanford a 1900. Jane Stanford, matar attajirin layin dogo da ya kafa jami'ar, ba ta ji daɗin maganganun Ross a kan manyan kamfanoni da shigo da ma'aikata daga Asiya ba, sai ta matsa wa shugaban jami'ar ya rabu da shi. Wasu ra'ayoyin Ross na wariyar launin fata ne, ba abin yabo a cikinsu, kuma na ambata ne don a gane cewa ƙa'idar da ake magana ba don mutanen kirki kaɗai aka yi ta ba. Malamai da dama sun ajiye aiki don nuna ƙin yarda. Ɗaya daga cikinsu, Arthur Lovejoy, shi da John Dewey ne suka jagoranci kafa ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, a 1915. A 1940 ƙungiyar tare da ƙungiyar kwalejojin ƙasar suka fitar da sanarwar da ta ce bayan gwajin da bai wuce shekara 7 ba malami ya zama na dindindin, ba a raba shi da aikinsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Sanarwar da ƙungiyoyin biyu suka fitar a 1958 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta ne suka zayyana yadda za a tabbatar da dalilin. A rubuta wa malam abin da ake zarginsa da shi dalla-dalla, a ba shi lokacin shiri. Waɗanda za su saurare shi malamai ne ƴan'uwansa da aka zaɓa, waɗanda ba su da hannu a rigimar tun farko. Yana da damar zuwa da mai ba shi shawara, ya kawo shaidunsa, ya kuma yi wa shaidun da aka kawo a kansa tambayoyi. Duk abin da aka faɗa a rubuta. Kawo hujja na wuyan hukumar jami'a. Ba a dakatar da shi kafin a gama sai in zamansa a aji zai cutar da shi ko wani, kuma ko an dakatar da shi albashinsa na tafiya. In majalisar amintattu ba ta gamsu da abin da kwamitin ya yanke ba, sai ta mayar masa da dalilanta ya sake dubawa.

Sai a 1966 aka fitar da wata sanarwa a kan yadda za a raba ragamar jami'a. Dukiya da kasafi na hannun amintattu, tafiyar da harkokin yau da kullum na hannun shugaba, amma abin da za a koyar, da bincike, da ɗaukar malami, da ƙarin girmansa, da sallamarsa, malamai ne a gaba. Shugaba ba ya saɓa musu a nan sai da wuya, kuma sai ya bayyana dalilinsa filla-filla. Waɗannan ba dokokin ƙasa ba ne, shi ya sa ake taka su. A 2013 malaman wani sashe a Jami'ar Illinois sun zaɓi Steven Salaita, ya ajiye aikinsa na da, yana shirin ƙaura, sai a 2014 shugabar jami'ar ta janye ɗaukar saboda zafafan kalaman da ya rubuta a Twitter a kan yaƙin Gaza, ba ta koma wa malaman da suka zaɓe shi ba, ba a kuma saurare shi ba. AAUP ta sa jami'ar a jerin waɗanda ta yi Allah wadai da su a 2015, a ƙarshen shekarar kuma jami'ar ta biya dala dubu 875 don a kashe shari'ar. Kujerar dai bai samu ba.

Mu a Nijar tsarinmu daga Faransa muka gaje shi, kuma can ma da zafi aka koya. A 1904 aka gano cewa ma'aikatar yaƙi tana ajiye katunan asiri a kan hafsoshin soja, wa ke zuwa coci, wa ba ya zuwa, da su ake yanke wa mutum ƙarin girma bai sani ba. Abin kunyar ne ya haifar da sashe na 65 na dokar 22 ga Afrilu 1905: kafin a ladabtar da ma'aikacin gwamnati sai an ba shi dosiyensa ya karanta duk abin da ke ciki. Ran 5 ga Mayu 1944 kuma babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta yanke hukunci a ƙarar wata gwauruwa, Trompier-Gravier, mai rumfar sayar da jaridu a Faris. An ƙwace mata izinin rumfar bisa zargin ta nemi tatsar kuɗi a hannun mai kula mata da wurin, ba a kira ta ta kare kanta ba. Kotu ta soke ƙwacen. Rumfar jarida ce fa, irin waɗanda ke bakin titi a Yamai. A 1984 kotun tsarin mulkin Faransa ta ɗora ƴancin farfesoshi a cikin manyan ginshiƙan dokokin ƙasar. A can malamin jami'a abokan aikinsa ne ke fara yi masa shari'ar ladabtarwa, masu matsayi daidai da nasa ko sama da shi, kuma yana da inda zai ɗaukaka ƙara.

Na jero waɗannan ne ba don tushen abin na can ba. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Sayyidina Ali Yaman, ya hore shi da kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farkon. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji cewa hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. A fadar sarki in ka kai ƙara, abin da za a fara yi shi ne a tura dogari ya kira abokin shari'arka. Shi kansa Alhajin fadarmu, da wani zai je ya ce yana binsa bashi a yanke hukunci ba a kira shi ba, ba zai ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri ya yi shiru ba. Sashe na 7 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, da sanarwar Kampala ta 1990 kan ƴancin masu ilimi, da shawarar UNESCO ta 1997 kan matsayin malaman ilimi mai zurfi, duk a kan wannan turba suke.

Inda gizo ke saƙa shi ne: wa zai saurara? Ana iya ba mutum takardar zargi, a ba shi kwanakin shiri, a bar shi ya zo da lauya, amma in wanda ya kai ƙarar shi ya zaɓi masu sauraro, shi kuma zai sa hannu a takardar sallama, to an yi zaman ne kawai don a ce an yi. A nan ne maganar korar malami ta haɗu da maganar wa ke riƙe da jami'a, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa ba su fahimci rigimar 2018 da 2019 kan naɗin shugabannin jami'o'i ba.

Jami'ar Yamai ta fara ne a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Bayan jinin ɗalibai da ya zuba a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990 da Taron Ƙasa na 1991, jami'ar ta samu damar zaɓar shugabanta da kanta. A 2010 aka ƙara jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tillaberi. Sai gwamnati ta ce ita za ta riƙa naɗa shugabannin jami'o'i. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki, amma a 2019 majalisar dokoki ta amince da naɗin. A gari abin da aka fi faɗa shi ne malamai na faɗan kujera, yaranmu na zaune a gida.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, kuma ba na son a yi kamar ita ce. Kuɗin jama'a ne ke tafiyar da jami'a. Shekarun karatu sun yi ta hawa kan juna, ɗalibi ya shekara biyu a aji ɗaya ba don ya faɗi ba. Shugaban da ƙuri'ar malamai ta ɗora zai ji nauyin tsawata wa waɗanda suka zaɓe shi. Duk gaskiya ne. Amma a juya tabarmar: shugaban da majalisar ministoci ta naɗa, majalisar ministoci ke iya cire shi a zama guda. Ranar da wani malami ya faɗi abin da bai yi wa na sama daɗi ba, waya ta yi ƙara a ofishin shugaba, da wane ƙarfi zai ce a'a? Naɗi ba ya mai da mutumin kirki azzalumi, akwai naɗaɗɗu masu tsoron Allah. Sai dai doka ana rubuta ta ne don ranar da aka samu wanda ba haka yake ba. Tunda an zaɓi naɗi, to wajibi ne a ƙara ƙarfafa abin da ya rage a hannun malamai: zaɓen shugabannin sassa da na tsangayoyi, majalisar jami'a, musamman kuma kwamitin ladabtarwa. Ya zama zaɓaɓɓe, mai wa'adi sananne, wanda shugaba ba ya iya sauya membobinsa in shari'a ta taso, ba ya kuma zama a cikinsa in shi ne mai ƙara.

A lura kuma, raba malami da aikinsa ba kullum da takardar kora ake yi ba. Malamin jami'ar gwamnati yana da dokar aiki tasa, korarsa kai tsaye na da wuya. Amma ana iya janye masa darussa, a hana shi takardar izinin tafiya taron ilimi, a yanke albashi, a jinkirta dosiyensa na ƙarin girma. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 take kuma da mazauni a Wagadugu, ita ke auna aikin malami ta ce ya cancanci hawa mataki, kuma babbar kariya ce da masu aunawar suka fito daga ƙasashe daban-daban. Amma ta hannun jami'arsa dosiyen ke fita. Duk matakin da zai taɓa abincin mutum ko darajarsa saboda ana zarginsa da wani abu, hukunci ne, ko da wane suna aka kira shi, kuma ya kamata a rubuta dalili a saurare shi.

Yanzu bari in juyo ga malamai, don ba zan yi adalci ba in na tsaya a kan hukuma. Duk wanda ya yi karatu mai zurfi ya ji labarin malamin da ke neman ɗaliba da maki, da wanda ke tilasta sayen takardun darasinsa, da wanda ke ɓacewa wata uku yana koyarwa a wasu wurare sannan ya dawo ya dunƙule darasin shekara a mako biyu. Sau nawa abokan aikinsa suka zaunar da shi suka hukunta shi? Yawanci sai a ce a rufa wa juna asiri, abokin karatu ne, yana da iyali. Yarinyar da ta kai ƙara ita ma tana da haƙƙin a ji ta bakinta, a kare ta daga ramuwa, a gaya mata inda ƙararta ta kwana. Kwamitin malamai da bai taɓa samun malami da laifi ba, jama'a za su daina yarda da shi, kuma ranar da gwamnati ta zo karɓe ikon ba wanda zai tsaya masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da malami ke nema wa kansa kuma sai ya yarda a ba wanda ke ƙasa da shi. A farkon 2018, bayan an ci zarafin wani malami a harabar jami'ar Yamai, SNECS ta shiga yajin aiki tana neman a kori ɗaliban da ke da hannu, daga baya aka kori biyar, rikici ya biyo baya. Taɓa malami babban laifi ne, ban rage masa komai ba. Amma in aka ambaci hukuncin da ake so tun kafin kwamiti ya zauna, aka kuma rufe azuzuwa har sai an yanke shi, an ɗora wa masu sauraro nauyin da zai hana a yarda da hukuncinsu ko da daidai suka yi. A Najeriya Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri a 1986, cikin dalilanta har da cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafi dukiyarsa, shi ya shugabanci kwamitin binciken.

Wani zai ce ai akwai kotu. Akwai, amma a tambayi malaman Jami'ar Ilori su 49 da aka kora a 2001 lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su a biya su albashinsu na baya. Shekara 8. Wasu sun rasu kafin hukuncin, ɗaliban da suke duba wa bincike sun watse, yaransu sun girma cikin rashi. Kotu na iya mayar da albashi, shekarun kuwa sun tafi. Shi ya sa sauraron da ke da amfani shi ne wanda aka yi kafin a sa hannu.

Waɗanda suka fi kowa zama a rana su ne irin ƙanen abokina: ƴan kwantaragi da masu koyarwa a biya su kan awa, a makarantu masu zaman kansu da ma jami'o'in gwamnati, inda suke ɗauke da darussa masu yawa. Su ba a ma korarsu, kawai ba a sake kiransu. Ba su da kujera a majalisar jami'a, ba su da ƙuri'a a sashe. Ba na cewa a mai da kowane mai awa ma'aikacin dindindin. Amma in za a tsayar da mutum a tsakiyar zango saboda zargi, mafi ƙanƙantar abin da ya cancanta shi ne takarda mai ɗauke da zargin, da zama gaban malamai biyu ko uku na fanninsa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke ba makarantu masu zaman kansu izinin buɗewa tana iya sa wannan cikin sharuɗɗan izinin.

Akwai wata matsala da ta shafi jami'o'in jihohi kamar tamu ta Djibo Hamani a nan Tawa. Ƙa'idar cewa masu matsayi daidai da naka ko sama ne za su saurare ka tana da sauƙin cikawa a tsohuwar jami'a mai malamai da yawa. A ƙaramar jami'a manyan malamai ƴan kaɗan ne, kowa ya san kowa, wannan shi ya duba wa wancan digirinsa, wancan surukin wannan ne, sahu ɗaya suke sallar Juma'a. Ko tausayi ya hana hukunci, ko tsohuwar gaba ta shigo cikinsa. Mafita a ganina ita ce jami'o'in gwamnati su haɗa jerin malamai zaɓaɓɓu guda ɗaya na ƙasa, in shari'ar sallama ta taso a Tawa a ɗebo masu sauraro da ƙuri'a daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, wanda ake zargi da mai ƙara kowanne ya samu damar ƙin mutum guda in yana da dalili. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin mota da masaukin kwana uku na mutum uku ko biyar ba, kuma irin wannan tafiyar malamai sun saba yin ta duk shekara in za su zauna a kwamitin kare digiri.